Murjanatu, Nas Ɗin Da Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

"Ni ne mijinta, na ce miki da sauƙi! Me kuma kike nema?"

Alhaji Bubayaro ke nan, maƙwabcina a unguwar Dogo Nini, yake daka wa Sista Murjanatu tsawa a ɗakin matarsa Meram, wadda aka yi wa aikin ciwon daji a mama. Ina zaune a bakin gado, na zo dubiya. To, dubiyar ce, amma da kunnuwana na zo.

Bari in gaya muku wace ce Murjanatu. Nas ce, shekara talatin da biyar tana aiki, watan nan za ta ajiye. Masu ciwon daji na garin nan, can nesa suke zuwa a ɗaura musu ruwan magani, su dawo gashi ya zube, baki ya yi ɗaci. Ita ke bin su gida gida in ta tashi daga aiki, yau unguwar Yindiski gobe Ngojin, da 'yar takardar tambayoyinta. Abin da ta rubuta shi likita ke dubawa, ya san ko zai ƙara magani ko ya canza.

Abin haushi, mu ko numfashi muke ja da ƙyar, aka ce ya jiki, "da sauƙi" za mu ce. Murjanatu ba ta rubuta wannan. Sai ta ce, sallah a tsaye kike yi ko a zaune? Loma nawa kika yi jiya? Kina iya ɗaga buta da kanki? Yaushe rabonki da dariya? Aisa ta Ngojin da bakinta ta gaya mini, wata biyu ba ta iya haɗiye tuwo, 'yan gida na cewa ai tana taɓawa. Murjanatu ta buɗe kwanon ta gani, ta leƙa bakin, duk gyambo. Aka ba ta magani. Yau Aisa ƙosai take soyawa a ƙofar gida, kuma ba ta jin tausayin barkono.

Amma me ake kiranta a gari? 'Yar sa ido! Ni da na san gulma ciki da waje, na rantse wannan ba ita ba ce. Aka yi taron karrama ma'aikata, aka raba atamfa, ko sunanta ba a ambata ba. Kai, mutane!

Murjanatu, ke ce mai zama a tabarma har mara lafiya ya gaji da kawaici. Ke ce kika san ba ciwon kaɗai ake dubawa ba, har da mai ɗauke da shi. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma sababbin nas masu latsa waya, ku bi ta ku koya kafin watan ya ƙare.

To, ranar a ɗakin Meram, ko kallon Alhaji Murjanatu ba ta yi ba. Ta ciro ƙwayar wake goma daga jaka, ta zuba a faifai.

"Yaya Meram, in ciwon ya kai maƙura, goma ke nan. Turo mini na yau."

"Mumina ce, tana da haƙuri," in ji Alhaji. "So kike gari ya ɗauka ba na kula da ita?"

Na ce, "Alhaji, a ƙirjinka aka sa wuƙar?"

"Ke Iya Yagana, wa ya sa bakinki?"

Meram ta miƙa hannu, ta tura takwas. Ta dakata, ta ƙara ɗaya.

"Kwana goma sha biyu ke nan a haka nake," ta ce. "Kunyarsa nake ji."

Murjanatu ta rubuta tara. "Gobe likita zai gani, a canza miki magani."

Alhaji ya kalli waken, ya kalli matarsa. Ya figi hularsa ya fita, ya banko ƙofar har faifan ya girgiza.