Haƙarƙari Bakwai a Cikin Jitar Hadassa

Mijin yayata, Bot, direban bas ne a Brooklyn, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka kafinta. Shekara goma sha tara yana tuƙi a garin nan, har yau bas ɗin a wurinsa aikin wucin gadi ne. Mahaifinsa ne ya yi bencinan cocinmu a Bukuru, kuma Bot ba ya gajiya da gaya wa mutane cewa shekara arba'in matan zumunta suna zubewa a kansu bayan rawa, ko ɗaya bai taɓa cewa ƙiƙ ba. Aiki mai kyau a gidansu ke nan: abu ya yi nauyi, ya yi ƙarfi, ya yi shiru.

To, wannan mutumin ne ya tashi wai zai ƙera jita.

Laifin Hadassa ne, 'yarsu tilo. A coci ta koyi jita, muna murna za mu samu mai kiɗa kyauta, sai ta kauce ta faɗa kiɗan mutanen Sifen da ake kira filamenko, wanda mata ke dukan ƙasa da takalmi kamar masu kashe kyankyasai. A 2015 aka ba ta gurbin ƙaro karatun kiɗan a Sifen ɗin, za ta tafi watan Agusta na shekarar da ke biye. Bot yana son yarinyar nan fiye da ransa, amma hirarsu ba ta wuce "Kin ci abinci?" ita kuma ta amsa masa da Turanci tana duba waya. Ya rasa abin da zai ce mata kafin ta tafi, sai ya yanke a ransa cewa da jitar da ya yi da hannunsa za ta sauka a ƙasar mutane.

Duk sirrin jita yana bayan allon fuskarta, wannan siririn katakon mai rami a tsakiya. A can ciki ake manna wasu 'yan sanduna bakwai a baje kamar mafici, su riƙe allon kada jan tsirkiya ya karya shi. Bot yana kiransu haƙarƙari. Da ya kalli bidiyon masu ƙera ta a waya ya ga sirantar sandunan, sai ya yi tsaki.

"Mang, dubi rowa," in ji shi. "Katako ya ƙare ne a Sifen?"

Ya yanka nasa masu kaurin yatsa, ya ƙara biyu don tsaro. Wata huɗu ya yi yana aikin. Jitar ta fito tana sheƙi, in ka ɗaga ta sai ka sake gyara tsayuwa. Ranar da ya miƙa wa Hadassa, ta zauna ta kaɗa, muka ji wani sauti kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar wadurof daga ciki. Ni dai dariya ta kama ni har da riƙe ciki, don ƙanin mata yana da wannan izinin. Hadassa ta rungume shi ta ce kyakkyawa ce ƙwarai, ta jingina ta a bayan kujera, da za ta koma masaukinta na makaranta kuma ta manta da ita. Na ga Bot ya bi bayan kujerar da kallo. Nan dariyata ta tsaya, na ji kunyar kaina.

Da wani ne da ya haƙura. Bot sai ya koma bidiyon, wannan karon bakinsa a rufe. Ya gane cewa jitar filamenko ba ta magana sai allonta ya kusa karyewa. Dole haƙarƙarin su zama sirara, a fere bakinsu har su kusa ɓacewa. In ka gan shi yana fere su kai ka ce fatar jikinsa yake yanka. Kowane shafi ɗaya sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce, "Da Baba na da rai da ya kore ni daga shago."

Sai kuma maganar gam. Ba na kanti ake so ba, wani ne da ake yi da fatar shanu, a jiƙa shi, a narkar da shi a ruwan zafi, yana wari kamar gandar da ta kwana uku a leda. Ya ɗauke wa yayata Alisabatu ƙaramar tukunyarta ta miya. Bai tsaya nan ba, ya ce katako ba ya son danshi lokacin mannawa, don haka an hana dafa duk abin da ke tururi a gidan.

"Baban Hadassa, tuwon ma?"

"Tuwon ne ma babban mai laifi."

Haka yayata ta kwashe tukwanenta ta hau benen sama inda nake zaune, wanda ni ban ga aibunsa ba ko kaɗan.

Halin gam ɗin nan shi ne gaggawa. Daga shafa shi zuwa danne sandar a gurbinta, minti ɗaya gare ka. In ya huce ya daskare, ba zai kama ba. Bot ya shirya komai a ƙarƙashin teburin cin abinci. Allon yana ƙasa, in ya ɗora haƙarƙari sai ya tokare shi da sandunan gora a lanƙwashe, kansu ɗaya a jikin sandar, ɗaya a jikin teburin ta ƙasa. Ya auna komai, ya lissafa komai, bai lissafa Baba Yosiya ba.

Baba Yosiya dattijon cocinmu ne na nan unguwar Flatbush, tsohon malamin makaranta, kuma shi ya tsaya wa Bot a matsayin uba ranar aurensa. Ba ya buga waya kafin ya zo, a ganinsa wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ranar mannawa ta farko, Bot ya shafa gam ke nan sai ga Baba a bakin ƙofa. Bot ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, sanda a hannu, ya rusuna. Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, yaya mutanen gida, an ji daga Bukuru? Kowace tambaya da amsarta, kowace amsa da tata tambayar. Kafin a kai ga mutanen gida gam ya zama kamar kamu. Bot ya koma ya danna hakanan don kunyar ya sake dafa wani a gaban baƙo. Bayan kwana biyu sandar ta ɗago, garin ɓamɓare ta allon ya tsage gida biyu.

Saura allo ɗaya. Ga Fabrairu ta kusa ƙarewa, da zarar an daina kunna hitar ɗumama ɗaki danshi zai dawo gidan, ga sauran aikin jitar na wata biyar yana jira. In wannan ya lalace, Hadassa za ta tafi hannu rabbana daga wurin ubanta.

Asabar da safe muka shiga ƙarƙashin tebur mu biyu, manyan mutane, gwiwa a ƙasa. Aikina in riƙa ɗumama allon da na'urar busar da gashi ta Alisabatu, ita kuwa tana wurin aiki a asibiti. Hadassa ta zo wankin kayanta, tana ɗaki. Na ce a kulle ƙofa a yi kamar ba kowa. Bot ya ce shi ba zai yi wa dattijo ƙarya da makulli ba.

Haƙarƙari na ɗaya ya zauna daram. Na biyu ma haka. Ya shafa wa na uku gam, sai muka ji ƙwanƙwasa, da muryar da muka sani.

"Salama alaikum, masu gida!"

Wallahi na ga gwiwar Bot ta fara ɗagawa da kanta. Na riƙe masa riga. Ya buɗe baki, ya dubi sandar, ya dubi ƙofa, gumi ya karyo masa. Tunda aka haife shi bai taɓa barin gaisuwar babba ta faɗi ƙasa ba.

Sai ga Hadassa ta fito. Ta leƙo ƙarƙashin tebur, ta ga allon, ta ga fuskar ubanta, ta wuce ta buɗe ƙofa. Yarinyar da in ta hango Baba Yosiya a coci take bi ta ƙofar baya, ita ce ta durƙusa har ƙasa a bakin ƙofa, ta yadda babu hanyar wucewa.

"Baba, sannu da zuwa. Ina kwana?"

Da Hausa. Rabon da mu ji Hausa a bakinta tun tana 'yar shekara shida. Harshen duk a karkace, amma Hausa ce.

Baba Yosiya ya ja da baya don mamaki. "A'a! Hadassa, ke ce? Lafiya lau, 'yata. Yaya gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Yaya Mama? Yaya ƙafarta?"

Na uku ya zauna. Ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi jikoki, ta tambayi mutanen Jos, ta tambayi sanyi. Tsohon malami ya samu ɗaliba, yana amsawa yana gyara mata, yana ƙara bayani. Na huɗu ya zauna. Da gaisuwar da ta sani ta ƙare, sai ta shiga ƙirƙira.

"Baba, yaya mota?"

"Mota lafiya, sai dai birki."

"Yaya birkin?"

Na cusa hannu a baki don kada in fashe. Na juya in ga ko Bot ya ji, sai na tarar hawaye na bin kumatunsa, yana ta kawar da kai kada ya ɗiga a kan allon. Garin haka na biyar ya ɗan goce. Bai tsaya ba. Na shida, na bakwai, Hadassa tana can tana tambayar lafiyar maƙwabtan Baba da ba ta taɓa gani ba. Da ya tokare na ƙarshe ya rarrafo waje, ya rusuna ya faro tasa gaisuwar daga farko. Baba ya ce ai an riga an gaishe shi gaisuwar da ta ishe shi har Kirsimeti.

Washegari muka cire gorar. Shida sun tafi a jere, na biyar ya karkata kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Na ce ruwan zafi zai sake shi, a gyara. Mutumin da ke iya kwance benci guda saboda ƙusa ɗaya ta leƙo ya ce a bar shi.

A Yuli ya gama. Jitar ba nauyi, har ina tsoron ɗaukarta. Hadassa ta zauna a falo ta watsa yatsunta a kan tsirkiya, sai wani sauti ya tashi, mai kaifi, mai ɗan gurnani, har maƙwabcin ƙasa ya bugo silin da tsintsiya. Ta daɗe tana kaɗawa ba ta dubi kowa ba. Bot yana tsaye a bakin kicin, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Da ta gama ta zura wayarta ta ramin ta ɗauki hoton ciki, ta ƙura masa ido.

"Baba, na biyar ya karkace."

"Na sani," in ji Bot. "Lokacin kina tambayar birki ne."

Ta jawo akwatin jitarta, wanda ta riga ta manna wa sunanta da adireshin Sifen, ta fitar da tsohuwar ta miƙa mini. Ta kwantar da ta ubanta a ciki, ta rufe.