Ranar da Na Ɓoye Farfelar Jirgi

Ko da zan manta shekaruna, waɗanda dama ban taɓa sanin adadinsu ba, ba zan manta rigimar da aka yi a gidanmu a kan injin jirgin ruwa ba. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da hannuna ya iya riƙe alƙalami na ce sai na rubuta wannan labari, don har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A shekarun da aka fara sako ruwan madatsar Tiga ne, lokacin da kanal ta ratsa gonakin Kura da Bunkure, kowa ya koma noman rani. Ƙauyenmu yana ƙetaren kogi, motar ɗaukar tumatir kuma iyakarta wancan gaɓar. Da can kogin ƙafewa yake yi da rani a taka da ƙafa, amma da aka yi dam sai ya daina. Maigidana yana da jirgin katako da ake turawa da gora. Sai ƙaninsa, wanda ya yi shekara biyu yana kamun kifi a Baga, ya dawo da labarin injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi, ya yi ta hura wa yayansa kunne har ya yarda. Abin da aka sayar aka sayi injin kuwa saniyata ce, wadda na gada daga mahaifiyata. Ni na bayar da ita, ba wanda ya tilasta ni. Amma tun daga ranar, in na kalli injin nan saniyata nake gani.

Saboda tsoron ɓarayi, kullum da yamma sai su kwance shi su shigo da shi gida, su jingine a bangon madafata. Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun ina yarinya. Abu biyu suka fara damuna a mako guda. Man da nake tarawa a kwalba yana raguwa ba tare da na sayar ba. Sannan kowace safiya sai in ga ɗigo a ƙasa, daidai gindin injin, wajen farfelar da ke tura ruwa. Na dangwala da yatsa, sai na ga mai ne, amma fari kamar kindirmo.

Na tare ƙanin mijina yana karyawa. Na ce, "Kai ɗan Baga, wa ke shan man kwalbata?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Matar Yaya, ai saniyarki ce ke sha. Man giyar injin ne ke raguwa, nake ɗan ƙara mata. Mai ai mai ne."

"To wannan farin da ke ɗiga fa?"

"Man Turawa ne, haka kalarsa take. Ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Bunkure ba, ina za ki sani?"

Na ɗora kasko a wuta har ya yi zafi, na lakato farin man na ɗiga a kai. Nan take ya hau tartsatsi, har ɗigo ɗaya ya same shi a hannu ya janye. Na ce, "Na Turawa ne ko na aljanu, man da ba ruwa a cikinsa ba ya wannan kukan. Injinka yana shan kogi."

Maigidan yana zaune a tabarma yana jin mu. Mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke sa mace ta ji kamar ta fasa tukunya. Ya ce, "Ke dai ki bar maza da ƙarfensu. Ai ya shafa sabulu a wurin."

Sabulu. A abin da ke wuni cikin ruwa. Na dubi mazan nan biyu, masu gemu, na rasa ta inda zan fara.

Na ce, "Malam, ban san inji ba, amma na san garwa. In na sayi tsohuwar garwa zan zuba mai, toshe bakinta nake yi in danna ta cikin ruwa. In tana yoyo, kumfa za ta nuna min wurin. A yi wa injin nan haka. In ba a ga komai ba, na yarda ka kira ni mahaukaciya a gaban uwarka."

Ina jin son ya kunyata ni ne ya sa ƙanin ya tashi. Ya kwance ƙusoshi biyu da ke jikin giyar, muka tara kwano. Ruwa tsantsa ne ya fara fitowa, kafin farin man ya biyo baya. Ya ce raɓa ce. Na ce raɓar garinsu. Ya mayar da ƙusa ɗaya, ya ɗauko famfon keken yayansa, ya naɗa masa tsumma a baki ya cusa a ɗaya ramin. Na cika rabin duron da nake wanke gyaɗa, suka ciccibi injin suka tsoma gindinsa. Maigida ya riƙe, ƙani ya buga iska. Bugu na uku sai ga kumfa tana tasowa daga bayan farfela, a jere, kamar tukunya ta fara tafasa.

Ƙanin ya ƙara bugawa, wai ko za ta fasa. Ba ta fasa ba.

Da suka cire farfelar, sai ga zaren komar kamun kifi irin na roba ya nannaɗe sandar ƙarfen, ya ci zoben robar da ke tare mai, wanda makanikai ke kira sil, ya yanka shi gida biyu. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

Ƙanin ya share hannu ya ce, "Dama na yi zargin haka. Gobe dai mota za ta zo, kwando talatin na tumatir ke jira a bakin kogi. Mu cika wa giyar mai mu yi jigilar goben, jibi a je Kano a nemo sil."

Maigida ya ce, "Gobe kaɗai. Allah zai tsare."

Na ce, "Allah ya tsare, shi ya sa ya nuna muku kumfa."

Suka fita sallar azahar suka bar ni ina magana. Farfelar tana nan a ƙasa inda suka ajiye. Na ɗauke ta, na naɗe a tsohon zani, na tura can ƙasan buhun gyaɗata.

Da safe gidan ya rikice. An duba rumbu, an duba akurkin kaji, har rijiya an leƙa. Ni ina ta suyar gyaɗa. Daga baya maigida ya tsaya a kaina, ya ce, "Ke, fito da ita."

"Ba zan fito da ita ba."

"Kina so ki kwana gidanku yau?"

"Sai in kwana. Amma da farfela zan tafi, don ko ƙahon saniyata ne ya rage, nawa ne."

Tun da ya aure ni ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya juya ya ɗauki gorar tura jirgi.

Ranar da gora suka yi jigila, kamar da. Direban bai jira ba, kwando tara suka rasa mota. Ni aka jibge wa su a tsakar gida, na kwana uku ina yankawa ina shanyawa, hannuna duk ya saɓule. Ƙanin ya daina cin tuwona. Matan ƙauye suka sa min suna Injiniya, ba kuma don yabo ba.

Da suka kai injin Kano, makanikin ya buɗe giyar ya tarar haƙoranta sun fara tsatsa. Ya ce da an ƙara yini ɗaya da kaya a kai, da ta niƙe kanta, kuma irinta ko a Sabon Gari ba za a samu ba. Ya wanke, ya sa sabon sil, ya zuba man da ya dace. Ba daga bakin maigida na ji wannan ba. Matar maƙwabcinmu ce ta kawo min, ita ma daga mijinta, wanda ya ji a majalisa, inda ƙanin mijina ke koya wa mutane dabarar gane yoyo da famfon keke, wadda ya ce a Baga ya koyo ta. Shi kuwa maigida, da ya dawo, abin da ya ce min kawai shi ne, "Miyar nan ta yi daɗi."

Injin ya yi mana shekaru yana aiki. Abin da na koya shi ne, in idonki ya ga ɓarna tana zuwa, gardamar baki ba ta isa ba, sai kin sa hannu kin tare ta, ko da ranar kowa zai ƙi ki. Kuma in kin tare, ki je ki ci gaba da aikinki. Kada ki zauna jiran a ce kin yi daidai, don ni har aka binne su biyun, Allah ya jiƙansu, ban ji ba.