In Ka Ga Aibi, Ka Dawo Min da Shi

Duk manomin da ya taɓa riƙe garmar shanu a yankin Ɗansoshiya cikin shekarun tamanin ya san Dikko mai horon shanu. Bafulatani ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, wanda cutar bushiya ta kwashe masa garke ta bar shi da 'yan maruƙan da ba su kai a kira su dukiya ba. Waɗanda abin ya sama tare da shi wasu sun yi kudu da sandarsu, wasu sun shiga birni gadi. Shi kuwa ya zauna a bayan gari shi da matarsa Barakatu, ya kama sana'ar da ya gani a wurin mahaifinsa. Zai sayi maraƙi, ya huda masa hanci, ya yi ta jan gungume da shi a fako har ya saba da karkiya. In damina ta kawo kai sai ya kai shi kara, wato kasuwar shanu, ya sayar wa mai neman san huɗa.

Dikko ba shi da bakin ciniki. Dillalai na can suna zuba, suna rantsuwa da kabarin iyayensu a kan san da ba su taɓa gani ba sai da safen nan, shi yana tsaye jikin turkensa ya harɗe ƙafa da sanda. Magana ɗaya ce jarinsa. In ciniki ya faɗa, ya miƙa igiya, sai ya ce, "In ka ga aibi, ka dawo min da shi." Haka mahaifinsa ke faɗa, haka shi ma ya tashi yana faɗa, ba shaida ba komai. Wannan maganar ce ke sa talakan da ya tattara kuɗin gyaɗarsa kaf ya zuba a kan sa ɗaya ya koma gida hankalinsa kwance. Kuma da wuya a dawo masa da dabba. Wani mutumin Ba'awa ya taɓa dawo da wani sa mai harbi, Dikko ya canza masa, har Barakatu ta dama masa fura.

Sai Allah ya haɗa shi da Alhaji Maikuɗi, mai sayar da takin zamani a Kwanar Dangora. Shi dai Alhajin nan, in ya sayi rake sai ya tsotse rabi sannan ya ce babu zaƙi. Masu sayar da huluna sun san shi: zai ɗauki hula ya je ɗaurin aure da ita, washegari ya dawo da ita tana warin gumi ya ce ta matse masa kai. Dikko bai san wannan ba, don ba ya zama a majalisa.

A shekarar Dikko na da wani farin sa da suke kira Daneri, wanda bai taɓa horar da irinsa ba. Ba a dukansa. In ya kai ƙarshen gona da kansa yake juyawa. A tafin hannun Barakatu ya saba lasar kanwa tun yana maraƙi. Ba don rumbu ya yi ƙasa ba da bai je kasuwa ba. Alhaji ya zagaya shi, ya daddaki tozonsa, ya taya, aka sallama. Dikko ya miƙa igiya ya faɗi maganarsa. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Na ji, Baffa. Na ji da kyau."

Ashe kuwa ya ji da kyau. Sai da aka gama huɗa tas a ƙasar, gero ya kai gwiwa, sannan wata ranar kasuwa akori-kura ta tsaya a bakin kara aka turo wani abu daga bayanta. Da farko Dikko bai gane shi ba. Wari ne ya fara isowa. Haƙarƙari duk a waje, hanci ya yage inda aka riƙa fizgar igiya, gindi duk shatin bulala. A wuya kuwa, inda karkiya ke zama, gyambo ne mai faɗin faifai, an kwarara masa baƙin man mota don a rufe, tsutsotsi na motsi a ƙarƙashin man, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Da san ya ji muryar Dikko sai ya ɗago kai ya yi wani ɗan nishi. Dikko ya juya gefe ya tofar da yawu.

Kowa ya san yadda ake aikin shanu. Da asuba ake ɗaura su, in rana ta fara zafi a kwance su, su sha ruwa su ci dusa su huta. Kuma kowa a karar nan ya san abin da aka yi da Daneri. Ya huɗe gonakin Alhaji, ya huɗe na surukansa, sannan aka riƙa ba da shi haya gona-gona tun duku-duku har la'asar, yaran Alhaji na karɓar kuɗi. A cikin masu tsayuwa a wurin har da waɗanda ya huɗe wa gona.

Alhaji Maikuɗi ya sauko daga gaban mota yana toshe hanci da hannun riga, kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Ya wuce kai tsaye gindin ɗorawar da sarkin kara, Rufa'i, ke zama ya yanke rigimar masu saye da masu sayarwa. Aka kira Dikko.

"Ranka ya daɗe, sa ne mai aibi ya sayar min," in ji Alhaji. "Kwanciya yake yi a tsakiyar gona. Wallahi tun ranar da na kai shi gida haka yake."

Dikko ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a dubi wuyansa."

Rufa'i bai dubi wuyan ba. Goro yake ci, kuma babu wanda bai san buhunan takin da aka sauke a ƙofar gidansa farkon damina ba. Ya ce, "Dikko, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ce in ya ga aibi ya dawo da shi, ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To ya gani, ga shi ya rantse. Ka mayar masa da kuɗinsa. Sannan ina jan kunnenka a gaban jama'a, don karar nan ba wurin sayar da ruɓaɓɓun dabbobi ba ce. Daga yau, in aka sake dawo maka da dabba ko da akuya ce, kada ka ƙara kafa turke a nan."

Abin ƙyamar ma ba Alhaji ba ne, shi an san halinsa. Mutanen da ke tsaye ne. Dattawa masu furfura, masu carbi a hannu, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, don kowa na son taki baɗi. Wanda kawai ya buɗe baki wani mahauci ne, ya matso kusa da Dikko ya raɗa masa cewa in zai sayar da araha shi zai yanka kafin ya mutu.

Dikko ya sayar da karsana ɗaya tilo da yake sa ran ta zama tushen sabon garke, ya biya Alhaji. Ya ja Daneri a ƙafa zuwa gida, suna tafiya suna hutawa. Barakatu ta dubi san, ba ta yi kuka ba. Ta ɗora ruwa a wuta ta zuba gishiri, ta samo tsinke ta zauna tana zaro tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta yi amai a bayan ɗaki ta dawo ta ci gaba. Can ta ce, "Malam, maganar nan da kake faɗa musu, ta mutanen da ce. Yanzu in ka sake faɗa, wani ma zai yi, su kore ka. Me za mu ci?"

Dikko ya san gaskiya ta faɗa. Karar nan ce kaɗai kasuwar da zai iya kai shanu a ƙafa, kuma ba shi da wata sana'a. Amma in ya daina faɗar maganar, me ya raba shi da dillalan da yake ƙyama? Da wannan ya yi ta kwana yana tashi har rani ya wuce. Daneri kuwa ya warke, ya mayar da jiki, sai dai gashi bai sake fitowa a wuyan ba.

Da damina ta sake kawo kai, Dikko ya ɗaura Daneri a amalanke ya ɗauko harawa, sababbin shanu biyu na biye. Yana kafa turke sai ga Alhaji Maikuɗi da fara'arsa, ya miƙo hannu biyu yana tambayar iyali. Ko kunya babu a idonsa. Ya dubi Daneri ya ce, "Kai, ashe ya murmure. Baffa, nawa za ka bar min shi?"

"Yana da aibi, Alhaji," in ji Dikko. "Kai ka rantse."

Alhaji ya yi dariya ya wuce turke na gaba. Shi ko a jikinsa.

Can da rana ta ɗaga sai ga Sale, wani magidanci daga Ba'awa, ɗan mutumin nan da aka taɓa canza wa sa mai harbi. Kuɗinsa a ƙulle cikin tsumma, ka san guminsa ne na shekara. Ya zaɓi ɗaya daga cikin shanun, aka daidaita, Dikko ya miƙa masa igiya. Sale ya riƙe igiyar bai tafi ba. Yana jira. Da ya ji Dikko bai faɗi maganar da ya saba ba sai ya ce a hankali, "Baffa, in na ga aibi fa?"

Dikko ya dubi gindin ɗorawa, inda Rufa'i ke zaune yana ɓare goro. Ya dubi tabon wuyan Daneri. Ya ce, "Ka duba shi da kyau tun a nan, ɗana. In ka fita da shi daga kara, naka ne."

Sale ya sake zagaya san, ya buɗe bakinsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa dabbar kowane dillali. Dikko ya tsaya yana kallonsa har ya gama. Ya ƙara shekaru yana sayar da shanu a karar nan, kuma ba a sake dawo masa da ko ɗaya ba. Ranar cinikin Sale dai, da ya koma gida Barakatu ta ajiye masa tuwo, da safe ta ɗauke shi yadda ta ajiye.