Waƙar Gonar Gwaji

Shekara biyu da gama yaƙin basasa aka turo ni Kontagora aikin malamin gona. Na zo da takardar shaida sabuwa fil, da babur na gwamnati, da kai cike da abin da na karanta. Bayan wata uku aka karɓe ni a kulob ɗin ma'aikata. Ba kowa ke shiga ba, sai mutum biyu sun tsaya maka. Ba mu fi talatin ba: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan asibiti da na gidan waya, Musulmi da Kirista, kowa da irin tasa Hausar.

Abin da kulob ya yi suna da shi wasan ƙarshen shekara ne. In an gama kaka, kafin masu Kirsimeti su tafi gida, sai a haɗa tebura a yi dandamali, a rataya zannuwan gado su zama labule. Duk wani abin dariya da ɗan kulob ya yi cikin shekara sai an mayar da shi waƙa. Ba a taɓa matar mutum, ba a taɓa addininsa, amma wanda aka yi wa waƙa dole ya zauna a layin gaba. Mai tsara waƙoƙin wani dattijo ne Banufe da ke ba da magani a asibiti, kowa Baba yake ce masa. Yana da tsohuwar akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, da ya dawo da ita daga yaƙin Bama.

A daminar farko na buɗe gonar gwaji a kan hanyar Salka, don manoma su ga amfanin takin zamani. Na auna da igiya, na shuka dawa layi-layi, na kafa babban allo. Dawar ta fito, ta kai gwiwa, ta tsaya, ganyen ya yi rawaya. Gonar da ke manne da tawa ta wani tsoho ce Bakambare, dawarsa ta fi mutum a kan doki tsawo. Ranar kasuwa fasinjojin motoci har nuni suke yi.

Ina cikin masu amshi a wasan shekarar. Wata la'asar muna koyon waƙoƙi, Baba ya ja akodiyon ya fara wata sabuwa:

"Allo ya fi dawa tsawo,
igiya ta fi zangarniya."

Amshin kuwa shi ne, "A tambayi littafi, malam, a tambayi littafi."

Ɗakin ya kece da dariya. Ni ma na yi murmushi, amma kunnuwana zafi suke. Na ce zan zaga, na hau babur na tafi gida. Mako guda ban leƙa kulob ba. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Asabar da yamma sai ga Baba a kan kekensa. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Ya ce, "Ɗana, waƙar ce ta yi laifi ko dawar?"

Na ce, "Baba, ni baƙo ne. Ban shekara ba an mayar da ni abin dariya."

"Baƙo ba a yi masa waƙa, sai ɗan gida. Ni sau huɗu aka yi mini. Wai ko hanya aka tambaye ni sai in ce sau uku a rana bayan cin abinci." Ya gyara zama. "Amma ba lallashi ya kawo ni ba. Waƙar ba ta da ƙarshe. Mun san dawa ta ƙi, ba mu san dalili ba. Kai ka sani?"

Na so in ce ƙarancin ruwa, amma ruwan da ya sauka a gonata shi ya sauka a ta tsohon. Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To, je ka tambayo mana. In ka samo, kai za ka rera baitin ƙarshe."

Washegari na kama hanyar Salka. Na tarar da tsohon yana ɗaure dammuna. Duk daminar nan daga nesa nake ɗaga masa hannu, ban taɓa zama kusa da shi ba. Ran nan na zauna a kan kututture, na tambaye shi kai tsaye. Hausarsa a hankali take fita, yana zaɓen kowace kalma.

Ya ce, "Wurin nan ya gaji, malam. Ƙuduji ya cinye shi, muka bar shi ya huta. Ka zo ka ce bakin hanya kake so, inda mutane za su gani. Muka ba ka."

Na san ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar dawa. Na gan ta a gonar, na sa an cire, ban taɓa tunanin ƙasar cike take da irinta ba.

Na ce, "Baba, me ya hana ku faɗa mini?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma duk zuwan da kake yi ba ka kashe babur."

Na sunkuyar da kai. Sai ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya kai ni kan iyakar gonakinmu, inda buhun taki ya taɓa yagewa ya zube ta ɓangarensa. Karan wurin ya fi na ko'ina kauri.

Ya ce, "Farin gishirin nan naka yana da aiki. Ka koya mini yadda ake sa shi. Kai kuma ka ba wurinka gyaɗa shekara biyu, sannan mu ga dawa."

Ranar wasa na sa kwat da malafa, na rataya igiyar awo a wuya, na riƙe littafin da ya fi kowane girma a ofis. Ni na fito a matsayin kaina. Kowane ɗan kulob yana da damar gayyatar baƙo ɗaya, ni tsohon na ɗauko a bayan babur, ya zauna a kujerar da aka ware mini a gaba. Wani malamin makaranta ya kafa kara ɗaya a cikin gwangwani, wai ita ce gonata. Na yi ta auna ta ina buɗe littafi, jama'a na amshi. Da aka zo ƙarshe Baba ya sassauta kiɗa, na rera:

"Littafi bai san gonar ba,
mai gona na nan zaune."

Masu amshi suka juya amshin nan take, "A tambayi mai gona, malam, a tambayi mai gona." Tsohon bai gane da shi ake ba sai da na kusa da shi ya raɗa masa. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Da aka tashi ana cin tuwo ya jawo hannuna ya ce wasan ya yi, kuskure ɗaya ne kawai: karan da ke cikin gwangwani ya fi dawata ta gaske tsawo.

Na shuka gyaɗa damina biyu. A ta uku dawar gonar ta yi kyau, ba kamar tasa ba, amma babu wanda zai yi nuni. Kafin nan manoma takwas na ƙauyen sun fara sa taki, kuma shi ya koya musu, ba ni ba. Waƙar shekarar ta faɗa kan ma'aikacin gidan waya da ya aika wa surukinsa takardar da ya rubuta wa budurwarsa, ni na taya Baba tsara baiti biyu.

Da aka yi mana sabuwar jiha aka ce in koma Minna. Ana loda kayanmu a mota sai ga ɗan tsohon da ƙullin irin dawa, da saƙo cewa kada in shuka sai ruwa ya zauna sosai, don ƙasar can ba irin tasu ba ce.