Wuƙar Jawa a Akwatin Kaka

Shekarar da makamai masu linzami suka riƙa faɗowa Riyad, lokacin yaƙin Kuwait, ina da shekara goma sha ɗaya. Amma in ka tambaye ni abin da na fi tunawa, ba jiniya ba ce, wuƙar Kaka ce.

A unguwar Dira muke zaune. Wata la'asar mai sanyi wani yaro ya fasa min baki, sai na buɗe akwatin Kaka, mahaifin babana, na ɗauko wata tsohuwar wuƙa mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar maciji, na fita nemansa. Ban kai gare shi ba. Telan layinmu, wani dattijo ɗan tsibirin Jawa, ya damƙe hannuna ya murɗe, har kaifin ya tsaga min tafi. Ya ja ni gida jini na ɗiga.

"Ya Hajji, ina kuka samo wannan?" ya tambayi Kaka da Larabci. "Ta ƙasarmu ce. Irin wannan daga gawa ake zare ta."

Kaka ya ɗaure min hannu, ya ba baƙon wuri. Telan ya faɗa mana yadda Turawan Holan suka fara zuwa musu da roƙon wurin ajiye kaya a bakin teku. Ɗakin ajiya ya zama ganuwa, aka kafa igwa, daga baya suka ƙone garin ƙurmus, suka gina nasu a kan tokar.

Sai Kaka ya warware wata takardar ajami, rubutun kakansa. Kakan nasa bawa ne da Turawan nan suka saya, suka sa shi jirgin ruwa daga tashar Elmina, suka ba shi bindiga. A wani ƙauyen Jawa ya soke wani mutum a bakin rijiya yana alwala, ya zare wuƙarsa. Layin ƙarshe ya ce a mayar da ita.

"Shekara uku ina kawo maka ɗinki don in faɗa maka," in ji Kaka. "Na kasa."

"Wanda aka soke ba kakana ba ne, Hajji."

"Na sani. Kai Allah ya kawo."

Telan ya goge jinina daga kaifin da gefen rigarsa, ya karɓa da hannu biyu.

"Mu yi Fatiha," ya ce. "Su duka biyun."

Yanzu waya ake sayarwa a shagon telan, shi da Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Takardar tana wurina. Tabon kuwa, kullum na zo alwala sai na gan shi.