Taken Mai Ganga

Na bar ƙungiyar kiɗanmu a Riyad saboda kiɗa ɗaya da na ƙi yi. Ba kora ta aka yi ba. Na naɗe wayar jitata na fita, babu wanda ya biyo ni.

Ni mai walda ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya tun ina ƙarami garaya ce. A wajen kawuna na koya, shi ne makaɗin mafarautan garinmu. Tsirkiya biyu gare ta, ana bugunta da guntun busasshiyar fata, a bakin sandarta kuma akwai ɗan ƙarfe mai zobba da yake zuza duk bugun da ka yi. Kawu ba ya koyarwa da baki. In na yi kuskure sai ya karɓe garayar ya ajiye a bayansa, na wannan rana ya ƙare ke nan. Kowane mafarauci yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, da an buga zai miƙe. Kawu ba ya buga taken mutum sai mai shi yana wurin. Sau ɗaya yake bugawa a bayan idon mai taken, ranar da aka binne shi.

Kawu ya rasu, daji ya zama gonaki. Na koyi walda, daga baya na samu biza na zo nan.

Shekara shida na yi a wata warsha, wato shagon walda, a unguwar Gubaira ina haɗa ƙofofi da tagogi ban taɓa abin kiɗa ba. Hausawa muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, a tambayi gida, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa gaya musu na iya kiɗa ba. Na san irin kallon da za a yi mini.

Akwai wani ɗan Filifin mai fenti a warshar. Ya girme ni, kuma yana jan ƙafar hagu tun wani haɗarin babur da ya yi a ƙasarsu. Da guntun Larabcin kasuwa muke magana, yana ce mini sadik, ina ce masa sadik, wato aboki. Wata rana muna cin shinkafa da rana ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya cusa a nawa. Ya ce sunan wannan kiɗan metal. Kalmar na san ta a wajen aiki, ƙarfe ke nan, sai na ɗauka kiɗan maƙeran ƙasarsu ne. Mawaƙin ihu kawai yake yi, ban fahimci komai ba. Amma a ƙarƙashin ihun akwai jita tana zuza, tana maimaita gajeren kiɗa guda, tana komawa kansa ba gajiya. Na san wannan zuzar. Shinkafata ta huce ban ƙarasa ba.

Shi ganga yake bugawa, amma yana da tsohuwar jita a ɗakinsa, ya ara mini. Tsirkiya shida. Na yi mako ina fama, huɗun nan sirara suna tare mini hannu, sai na kwance su na bar kaurara biyun. Da ya gani ya yi dariya har ya zauna a kan bokitin fenti, ya ce na kashe mata 'ya'ya huɗu, kuma in riƙe ta, don babu mai karɓarta a haka. 'Yar robar da ake bugawa da ita ta yi mini laushi. Na yanki guntun fata daga tsohon bel na shanya a rufin warsha har ya yi tauri. Ƙasa kawai nake bugawa, ba na dawowa sama. Har yau ban san sunan ko sauti ɗaya ba.

Shi ya kai ni ƙungiyarsu. Duk Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa a wata istiraha, gidan hutu da ake haya, can bayan Suwaidi. Shugaban wani saurayi ne ɗan ƙasa, ma'aikacin ofis a Malaz, shi ne mawaƙi. Akwai kuma wani Bamisre mai jita. Da farko mawaƙin ya yi ta tsokanata, ya ce ko kafil ɗina, ubangidan da ya yi mini biza, shi ne ya riƙe sauran tsirkiyoyin tare da fasfo. Da na fara bugawa ya daina. Shekara biyu ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya. A duk garin nan, nan ne kaɗai wurin da in na makara ake tambaya ina na tsaya.

A warsha ina jin tafiyar mai fentin ko da na rufe fuska ina walda: taku uku, sai ja. Daga nan na ƙirƙiri wani kiɗa, bugu uku masu ƙarfi, na huɗun ya zo a makare. Na buga musu. Mai fentin ya ɗora ganga a kai, bai gane kansa ba sai da na tashi na kwaikwayi tafiyarsa. Ya jefe ni da sandar ganga. Kiɗan ya zama wanda muka fi iyawa, mawaƙin ya sa masa waƙa. Ban san yadda ake cewa take da Larabci ba, sai na nuna mai gangar na ce, wannan nasa ne. Suka tafa. Sun ɗauka karramawa ce.

Sai kwantiragin mai fentin ya ƙare, ba a sabunta masa iƙama ba, takardar izinin zama, ya koma gida.

Bayan wata biyu mawaƙin ya samo sabon mai ganga, ya kuma samo mana wurin da za mu yi wasa a gaban mutane, karo na farko. Ya ce da wancan kiɗan za mu buɗe. Ya ƙirga, ganga ta shiga, ni ban shiga ba. Ya sake ƙirgawa. Na ce ba zan buga ba, mai shi ba ya nan. Ya ce ai shi ya sa za mu buga, don tunawa da shi. Na ce abin da nake gudu ke nan. Larabcina ya tsaya a nan.

Mawaƙin ya kira mai fentin ta bidiyo ya miƙo mini wayar. Ga shi a ƙofar gidansa da singileti, jikarsa a cinya.

"Sadik, buga mana. Mafi mushkila," ya ce da Larabci, wato ba matsala.

"Kana da rai," na ce.

"To da fa? Ka ga na yi kama da gawa?"

Ya yi dariya, su ma suka yi. Na mayar da wayar.

Mawaƙin bai yi faɗa ba. Ya ce yana girmama ni, amma waƙar tasa ce shi ma, kuma Bamisren ya haddace bugun, zai iya yi. Gaskiya ya faɗa. Na ce su yi, amma ba a gabana ba. Ya ce in zauna mu sha shayi tukuna. Na ce na gode. Ina bakin ƙofa na ji Bamisren ya fara. Na huɗun nasa bai makara ba, daidai ya faɗa. Na yi sauri na fita titi.

Mawaƙin ya kira ni sau biyu a wannan watan. Na ɗauka, mun gaisa. Bai ce sun cire kiɗan ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu ina Gubaira, a warshar nan. Mai fentin yana turo saƙon murya jefi-jefi, lafiyarsa lau. Ranar Juma'a in na sauko daga masallaci ɗaki nake komawa. Ina buga jitar ba tare da na jona ta da sifika ba, don abokan ɗakina suna barcin rana.