Idon Hagu na Akwei Anga

Ranar Asabar muka binne Akwei Dodu, wanda duk Bukom ta fi sani da Anga. Tun a wurin makoki masu koyon dambe suka yi mini caa da tambayar nan da aka yi shekara arba'in ana yi a unguwarmu: me ya sa mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba ya ajiye kambu, saura mako uku ya kare shi? Mu uku muka san amsar. Biyu sun riga ni, Allah ya ji ƙansu.

Akwei ɗan masunci ne, a kan taru ya tashi. A lungunmu idan yara biyu suka yi cacar baki ba a raba su, da'ira manya ke yi musu su ce to bismillah. Ranar Talata kuwa, da yake ba a shiga teku, ranar dambe ce a kan yashi. A nan Ataa Nunu, tsohon mai horar da 'yan dambe, ya ga wani siririn yaro mai kafaɗun jan taru ya zaunar da ƙato da naushi ɗaya.

"Ɗan wane ne wannan ƙashin kifin?" in ji shi.

Aka ce ɗan Dodu ne.

"Ku ce wa Dodu teku ta yi asarar ma'aikaci."

Shekara shida yana dukan buhun yashi a bayan gidan Ataa Nunu kafin ya shiga damben kuɗi. Anga aka sa masa, wato ƙarfen tsayar da jirgi, don duk wanda ya jefa ƙasa a nan yake tsayawa. Ranar da ya karɓe kambun ƙasa daga hannun wani mutumin Takoradi a turmi na tara, a kafaɗa aka kawo shi gida, mata suna zazzaga masa farar hoda har ba a gane fuskarsa. Da aka sauke shi, abin da ya fara tambaya shi ne ko an rage masa dokunu, tuwonmu na masara, da soyayyen kifi. Haka yake, wallahi. Bai iya ɗaukar kai ba ko an koya masa.

A karo na biyu na kare kambun ne babban yatsan safar hannun abokin karawarsa ya shiga idonsa na hagu. Ya ci wasan. Bayan kwana biyu ya fara ganin wani abu kamar baƙin labule yana saukowa daga gefe, kafin wata uku labulen ya rufe gaba ɗaya. Abin mamaki, idon yana nan garau a fuska, yana juyawa tare da ɗan'uwansa, ba wanda zai ce ya mutu. Akwei ya san in zancen ya fita an raba shi da dambe ke nan, sai ya haɗiye. Allon haruffan da likita ke gwada ido da shi ya haddace tun daga sama har ƙasa, shi da bai wuce aji uku ba.

A fage kuwa sai ya ƙirƙiro dabara. Ya riƙa tafiya a kaikaice, yana kewaya abokin karawa don kullum ya zauna masa a dama. 'Yan kallo suka haukace, suka sa wa salon suna tafiyar ƙaguwa, har ƙananan 'yan dambe suka fara kwaikwayo da idanunsu biyu lafiya lau. Wasa biyu ya ci a haka.

Sai dai fage mutum ɗaya ne a gabanka, lungun Bukom kuwa ta ko'ina mutane ke ɓullowa. Akwei ya fara wuce dattawa a bakin ƙofa ba gaisuwa, muddin suna hagunsa. Babba kuma a wurinmu ba ya fara gaida ƙarami, tsayawa yake ya jira. Magana ta fara yawo: kambu ya kumbura wa ɗan Dodu kai.

Rannan ya wuce surukarsa, Awo Lamile, mai bandar kifi, tana tsaye da faranti a ka a gaban matan kasuwa. Har ta gyara tsayuwa don amsa gaisuwa, ya wuce fuu kamar ya wuce turke. Matarsa Shome kuwa a gidan uwar take zaune, yadda muke yi, daga can ake aiko masa da abinci. Ran nan kwano bai zo ba. Saƙon kira ne ya zo.

Da hantsi ya je, ni ina biye a matsayin mai ba da baki, da kwalbar ban haƙuri a hannu. Dattawan gidan suna zaune a tsakar gida, hayaƙin banda yana tashi. Tun kafin a gama karanta masa laifi ya zube gwiwa biyu.

"Na yi kuskure, Awo. Girman kai ne. A yafe mini."

Wani kawun Shome ya ce, "Au, ashe gwiwar tana lanƙwasuwa? Mun zaci sai an kira alƙalin wasa ya ƙirga maka goma."

Aka yi dariya, aka karɓi kwalba, aka tashi. Akwei ya ji sanyi a ransa. Gara a kira shi mai girman kai sau dubu da a gano gaskiya.

Awo Lamile ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce ya dakata. Ta bari kowa ya watse sai ni, ta ce ya zauna a turmi ya fuskanci ƙofa, ita kuma ta koma wajen murhu kamar za ta juya kifi. Akwei yana zaune yana jiran faɗa. Bai ga lokacin da ta zaro itace mai wuta a baki ba, bai ga ta zagayo ta hagunsa ba, bai ga ta ɗaga shi ta kawo kamar za ta maka masa ba. Sai da zafin ya taɓa kuncinsa ya zabura.

Ta mayar da itacen murhu a hankali.

"Kai da ƙuda ba ya giftawa ba ka kauce ba," in ji ta. "Tun yaushe?"

Ya shafa kuncinsa.

"Akwei, da kai nake. Mai girman kai ba ya durƙusawa da wuri haka. Na yi shekara talatin ina zaɓar kifi, ido nake fara dubawa. Tun yaushe?"

"Shekara guda da rabi, Awo."

"Shome ta sani?"

"Ba wanda ya sani."

Ta dube ni, na girgiza kai, don ni ma a lokacin nake ji, ni da nake goge masa fuska tsakanin turmi da turmi.

Ta ce, "To, wannan wasan da ke tafe babu kai."

"Awo, guda ɗaya ne. Na iya da shi. Kin ga ai biyu na ci."

"Ka ci biyu, sannu gwani. Wanda zai zo ɗin, an yi alkawari da shi ba zai taɓa na dama ba? Na hagu naka ne, ka kai shi inda ka ga dama. Wanda ya rage ba naka ba ne. Na 'yata ne da abin da ke cikinta."

Akwei ya sunkuyar da kai. Can ya faɗi abin da ke cin sa. In ya janye dole a tambayi dalili, in kuwa aka ji da ido ɗaya ya yi wasa biyu, za a goge sunansa, a kuma hana Ataa Nunu horarwa, tsohon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ta juya kifinta, sannan ta ce:

"Ka ce ni na hana. Ka ce na rantse in ka sake hawa fage zan raba ka da Shome. Ai dama an ce bakina ya fi barkono."

"Za a tsane ki, Awo."

"Kifi za su daina ci?"

Kwana uku bai fito ba. A na huɗu ya naɗe kambun a zanen matarsa ya kai wa Ataa Nunu, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Tsohon ya zage shi tas, ya kira shi mijin-ta-ce, ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Unguwa kuwa ta koma kan Awo Lamile. Aka yi mata waƙar habaici, wasu suka daina sayen bandarta, har aka ce asiri ta yi masa. Ko sau ɗaya ba ta kare kanta ba.

Akwei ya koma bakin teku yana ɗinkin taru. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, duk taron suna ko jana'iza, sai a gan shi tafe da matar da ta kashe masa sana'a, ita a hagunsa, tana ɗaga murya tun daga nesa: "A'a, Ataa Kwashi, kai ne a zaune nan?" Shi kuma sai ya juya ya gaida Ataa Kwashi da ladabi. Da ta rasu shi ya fi 'ya'yan cikinta kuka, mutane suna kallonsa suna taɓe baki.

Idon dama kuwa ya kai shi har ƙarshe. Da shi ya ga auren jikokinsa biyu, kuma ko a watan da ya kwanta, shi yake zura mini zare a allura in nawa biyun suka gaza.